Ɗalibin Kasuwanci Mai Son Amfanar Jama'a: A Fara da Kwandon Tumatir

Duk shekara, idan lokacin cike takardun neman gurbin karatu ko tallafi ya zo, akwai jimla ɗaya da take yawo a rubutun ɗalibai kamar sun haɗa baki: "Ina son in karanci kasuwanci domin in taimaki al'ummata, in samar wa matasa aikin yi." Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai ba ta kai buri ba tukuna, domin babu ranar da za a zauna a ce an cim mata ko an gaza. Wace al'umma? Matasa nawa? Aikin zai biya su nawa a wata, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya shiga sashen kasuwanci a Bayero, ko ABU Zariya, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo da wannan niyya, ya kamata ya fito bayan shekara huɗu ya iya riƙe littafi biyu. Na farko littafin kuɗi: me ya shigo, me ya fita, me ya rage. Na biyu littafin amfani: wa ya ƙaru, da nawa, kuma da ba a yi aikin ba yaya zai kasance. Masu kyakkyawar niyya sukan tsallake na farko don suna ganin lissafin riba ya saɓa wa tausayi, na biyun kuma su cika shi da hotuna.

Akwai abubuwa uku da ake cakuɗawa. Attajirin da ya samu a Kantin Kwari ya raba shinkafa da azumi, ribarsa yake kashewa a hanyar lada, kuma shaddar da yake sayarwa ba ta da alaƙa da rabon. Ƙungiyar agaji da ke haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin masu ba da tallafi, ranar da tallafin ya yanke aiki ya tsaya. Na ukun, wanda muke magana a kai, shi ne kasuwancin da amfanin yake cikin cinikin kansa: duk kayan da aka sayar wani mai ƙaramin ƙarfi ya ƙaru, kuma cinikin ne yake riƙe da kansa. Asibitin ido na Aravind da ke Madurai a kudancin Indiya misali ne. Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe shi a 1976 da gado 11. Masu hali suna biya, marasa hali ana cire musu yanar ido kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne yadda aka shirya aikin: likita yana gama tiyata a kan wannan gado an riga an shirya masa wani a gado na kusa, don haka kuɗin kowace tiyata ya sauko ƙwarai. A 1992 ma suka kafa masana'antarsu ta yin gilashin da ake dasawa a ido don su daina sayen mai tsada daga waje. Wannan aikin mai gudanar da kasuwanci ne tsantsa, irin abin da ake koyarwa a aji ɗalibai suna hamma.

Matsala ɗaya, wadda kuɗin mota zai kai ka

"Talauci" da "rashin aikin yi" sun fi ƙarfin ɗalibi, sun fi ƙarfin gwamna ma. Burin shekarar farko shi ne a zaɓi matsala ɗaya da za a iya zuwa a gan ta da ido ranar Asabar a dawo kafin magariba. Ga ɗalibin Kano, tumatir ya isa misali. Noman rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa a Kura da Bunkure da Garun Malam yana kawo tumatir a lokaci guda, daga wajen Janairu zuwa Afrilu. A kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya, farashi yakan faɗi har wani manomin ya ga kuɗin ɗiba da na mota sun fi abin da za a taya. Kwandon gargajiya idan aka jibga shi a babbar mota zuwa Mile 12 a Legas, na ƙasa a matse yake isa. Sai damina ta sauka, wajen Yuni da Yuli, tumatirin ya yi wuya, uwargida ta koma na leda. Kaya ɗaya, a wata uku ana zubarwa, a wata uku ana nema.

Kafin a yi tunanin mafita, a yi hira da aƙalla mutum 30: manoma 15, dillalai 5, direbobi 5, masu abincin sayarwa 5. Yadda ake tambayar ya fi yawan mutanen muhimmanci. Idan ka ce wa manomi "me ke damunka", amsar da za ka samu ita ce gwamnati ta taimaka. Ka tambaye shi cinikinsa na ƙarshe: kwando nawa ya kawo, nawa aka taya, a nawa ya sallama, nawa dillali ya cire la'ada, nawa ɗan dako ya karɓa, wa ya ba shi kuɗin taki kuma da wane sharaɗi. Ka bi ta hannun shugaban kasuwa, kuma ka faɗi gaskiya tun daga gaisuwa: "Baba, barka da kasuwa. Ni ɗalibi ne, karatu ya kawo ni, ba sunan masu tallafi nake rubutawa ba." Idan ka fito da takarda mai tambari kana rubuta sunaye, kowa zai ninka asararsa, ka koma makaranta da alƙaluman da ba su da amfani. Ɗaliba tana da wata dama a nan da namiji ba shi da ita: tana shiga gidan da aka ce ba a shiga, inda ake yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da yankan kuɓewa, sana'o'in da jarinsu yake cikin adashi ba a banki ba.

Abu ɗaya da hirar za ta gyara maka shi ne ƙiyayyar dillali. Kusan kowane tsarin ɗalibi da "za mu cire dillali" yake farawa. Dillalin nan shi ya san mai saye a Onitsha, shi ya ranta wa manomi kuɗi lokacin shuka, shi yake ɗaukar asara idan mota ta kwana a hanya. In ka cire shi, waɗannan ayyuka uku sun hau kanka, kuma kowanne da kuɗinsa.

Kada a ɗauka ƙaramin jari ne kawai yake tuntuɓe a nan. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ta fara aiki a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Duk lokacin da farashin kasuwa ya fi na masana'anta, manomi kasuwa yake nufa, kuma ba a ga laifinsa ba. Kamfanin Tomato Jos da Mira Mehta ta kafa a 2014 ya shafe shekaru yana noma da horar da manoma a Jihar Kaduna kafin ya buɗe wurin sarrafawa. Inji ana sayensa a rana ɗaya, abin da zai ci ne yake ɗaukar shekaru.

Littafin kuɗi

A ce ɗalibi ya yanke shawarar yin kauɗa mai tsabta. Kauɗar da aka saba gani ana shanya ta a ƙasa ko a gefen kwalta, ta sha ƙura da yashi, awaki su bi ta kai. Shi zai yi amfani da rumfar busarwa mai rufin leda da faifan raga, ya sayi tumatir lokacin araha, ya sayar da damina. A baki abin ya yi daɗi. Bari mu ɗora shi a kan takarda. Farashin da zan sa na misali ne, kowa ya sa na ranar da yake lissafi, amma tsarin ba ya canjawa.

Tumatir kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin ɗari. Kilo 15 na ɗanye ne yake ba da kilo 1 na busasshe. Kwando mai kilo 50, idan aka tsince ruɓaɓɓe da fasasshe, a ce kilo 45 ya rage, ka samu kilo 3 na kauɗa, wato ƙulli 30 mai giram 100. Kwandon naira 12,000, masu wanki da yanka 1,500, dako da mota 900, leda da tambari 1,200. Jimla 15,600, kowane ƙulli ya tashi a naira 520. Idan mai kanti ya karɓa a 800, akwai rarar 280 a kowanne. A nan yawancin ɗalibai suke tsayawa su fara murna.

Saura kuɗin da ba ruwansu da ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Rumfar ta ci 600,000 kuma shekara uku za ta yi kafin leda da raga su mutu, wato 200,000 a shekara. Hayar ɗakin ajiya 120,000. Mai kula da aiki wata huɗu a kan 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, ya kama 280,000. Jimla 600,000. Raba wannan da 280, sai ka ga kana bukatar sayar da ƙulli 2,143 kafin ka mai da uwar kuɗi, wato kwando 72.

To rumfar kwando nawa za ta iya? Tana ɗaukar biyu a zubi ɗaya, kowane zubi kwana uku. Lokacin araha kwana 90 ne, zubi 30, kwando 60. Kana bukatar 72, ƙarfinka 60. Ko da ka sayar da kowane ƙulli, babu kwantai, babu wanda ya ci bashinka, za ka rufe shekara da giɓin naira 96,000. Kuma ba mu taɓo kuɗin juyawa ba: kwando 60 sau 15,600 ya kama 936,000, a kulle a ɗaki daga Maris zuwa Yuli. Idan rancen banki ne a kan kashi 30 a shekara, wata huɗun nan kaɗai sun ƙara maka 93,600. Wannan ba ƙari ba ne a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar.

Lissafin nan na rabin awa ya fi gasar zayyana tsarin kasuwanci goma amfani, domin shi yake nuna inda gyara yake. Rumfar da take aiki kwana 90 ta yi barci kwana 275 ita ce matsalar. A ba ta tattasai da attaruhu da kuɓewa da albasa a sauran watanni, ko a riƙa busar wa mutane nasu a karɓi lada, sai kuɗin rumfar ya rabu a kan kaya da yawa. Ko a bar ƙananan ƙulli a koma sayar wa makarantun kwana da masu abinci a buhu, kuɗin leda ya ragu. Sannan a tambayi kai: wa zai biya 800 alhali ga kauɗar mudu mai araha ga tumatirin leda a kowane kanti? Amsar ba a aji take ba. A yi ƙulli 50, a kai kanti biyar, a koma bayan mako biyu a ƙirga abin da ya rage. Wanda ya ce "kai, wannan ya yi kyau" bai saya ba. Wanda ya dawo karo na biyu da kuɗinsa shi ne mai saye.

Ta fuskar aikin hannu ma akwai inda ake faɗuwa. Nau'in tumatir mai tauri irin UTC ya fi mai ruwa dacewa. Yanka ya zama kauri ɗaya, kamar rabin santimita ko ɗan fiye, in ba haka ba wani ya ƙone wani bai bushe ba. Zafin cikin rumfa ya tsaya wajen digiri 55 zuwa 60, in ya wuce sosai jan ya koma baƙi, in iska ba ta fita kuma gumi ya dawo kan kayan. Sai ya bushe ƙayau kafin a ƙulle. Kauɗa tana jan danshi kamar gishiri, don haka ledar da ba a liƙe bakinta da kyau ba, da ruwan farko ya sauka fumfuna za ta bayyana, daidai lokacin da kake jiran farashi ya tashi.

Littafin amfani

Wannan ya fi ɗaci. A tsarin da muka lissafa, me manomi ya ƙaru da shi? Idan a farashin kasuwa ka sayi kwandon, bai ƙaru da ko sisi ba, domin da ba ka zo ba wani zai saya a haka. Kwando 60 ba ya motsa farashin Kwanar Gafan. Masu yanka sun samu 90,000 a duk kakar, in su shida ne kowace ta tashi da 15,000. Mutum ɗaya ya samu aikin wata huɗu. Iyakar amfanin ke nan, kuma haka ya kamata a rubuta shi, ba "mun tallafa wa ɗaruruwan manoma" ba.

In kana son manomi ya ƙaru da gaske, ka ƙara masa 1,000 a kan kowane kwando, rararka za ta sauko zuwa kimanin 247, kwandunan da kake bukata su tashi daga 72 zuwa 82. Kowane alheri yana da farashi a ɗaya littafin. Aikin mai wannan karatu shi ne ya san farashin, ya zaɓa da saninsa, ya kuma nemo wanda zai biya.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne manyan mutane sun yi kuskure a nan. Muhammad Yunus ya fara a 1976 a ƙauyen Jobra na Bangaladesh da rancen dala 27 ga mutum 42. Bankin Grameen da ya kafa don ba matalauta ƙaramin rance ya tsaya da ƙafarsa a 1983, aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, duniya ta ɗauka an gano maganin talauci. A 2010, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, kamfanonin ƙaramin rance suka yi ta ɗora wa matalauta bashi a kan bashi har sai da gwamnatin jihar ta taka musu birki. A 2015 aka fitar da sakamakon bincike shida daga Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko, inda aka kwatanta waɗanda aka ba damar rance da waɗanda ba a ba ba. Abin da aka gani: rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da yawancin mutane daga talauci ba. Haka famfon PlayPump, lilon yara mai juyawa da aka haɗa da rijiya a kudancin Afirka don yara su yi wasa ruwa ya hau tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi masa alkawarin sama da dala miliyan 16. Da aka koma ƙauyukan, sai aka tarar yara ba sa wasa duk yini, mata ne suke tura lilon, ya fi famfon hannu tsada nesa ba kusa ba, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa.

Ɗalibi ba shi da kuɗin babban bincike, amma yana iya abu uku. Ya zaɓi ma'auni biyu ko uku kacal, irin kuɗin da mai yanka ta samu a mako da farashin da manomi ya karɓa. Ya rubuta yadda suke kafin ya fara, domin bayan an fara kowa ya manta. Ya kuma riƙa bibiyar wasu mutum goma irinsu da bai yi hulɗa da su ba. In naka sun samu ƙarin kashi 20 su ma waɗancan sun samu, to kasuwa ce ta tashi, ba kai ba ne.

Kwasa-kwasan da ba a so

Kwas ɗin koyon sana'a da dogaro da kai wajibi ne a jami'o'in Najeriya, kowa zai yi, kuma ba shi zai bambanta ka ba. Waɗanda za su bambanta ka su ne waɗanda ake gudu: lissafin abin da kaya ya ci kafin ya fito, ƙididdiga, sarrafa kuɗi, da dokar kasuwanci. Kafin ƙarshen shekara ta biyu ya kamata ka iya buɗe Excel ka gina lissafin shigar kuɗi da fitarsu na wata 12, wanda in ka canja farashin kwando komai zai canja da kansa. Mai sha'awar tsarin kuɗi marar ruwa ya leƙa cibiyar nazarin bankin Musulunci da ke Bayero.

Hutu kuma a yi shi a kanti. Wata biyu a matsayin yaron shago a Singa ko Dawanau zai koya maka wa ake ba bashi, wa ake ce wa albarka, yadda ake gane buhun da aka yi wa algus, da yadda maigida yake rufe lissafi da yamma. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka. Wanda ya yi su a kasuwa da wanda ya yi su a kan waya ba da abu ɗaya suka koma aji ba.

Jari, da sharaɗinsa

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A fara da abin hannu da adashi, sai kafin alƙalami daga mai saye, wanda shi ne jari mafi daɗi domin yana tabbatar da akwai kasuwa. Kuɗin 'yan uwa kuma a rubuta shi, ko da na kawu ne: rance ne, kyauta ce, ko hannun jari? Rashin wannan takarda ya raba zumunci da yawa. Tallafi irin na Gidauniyar Tony Elumelu, da take ba da dala 5,000 tun 2015 kuma take buɗe neman shiga a farkon Janairu, yana da kyau ga sayen rumfa ko inji. In da shi ake biyan albashi, kasuwancin bai tsaya ba, jinya ake yi. Akwai kuma masu zama ƙwararrun cin gasa, daga wannan taro zuwa wancan da kwat da allon bayani, kayansu bai taɓa kwana a kanti ba.

Ga mai gudun riba ta haram, hanyoyin suna nan kuma akwai bankunan da ke aiki da su: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. A murabaha banki ya sayi kayan ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a hankali. A mudaraba wani ya kawo kuɗi kai ka kawo aiki, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya, asarar kuɗi kuma ta mai kuɗi ce matuƙar ba sakacinka ba ne. Wanda ya fi shafar mai hulɗa da manoma shi ne salam: ka biya kuɗin amfanin gona gaba ɗaya tun yanzu, a fayyace nau'i da awo da ranar kawowa. Ya yi kama da ba-da-kaka da aka sani a karkara, inda mai kuɗi yake ba da ɗan abu lokacin da manomi ya matsu ya karɓi buhu da kaka. Tsakanin taimako da zalunci a nan farashi ne, kuma littafinka na biyu ne zai gaya maka ɓangaren da kake.

Babbar fitina ita ce sunan "taimako". Da zarar mutane sun ji bashinka na taimakon al'umma ne, wasu sun ɗauke shi rabonsu. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya sha fama da rashin biya. Kamfanin Babban Gona da Kola Masha ya kafa a 2012 a Kaduna ya bi wata hanya: manoma suna shiga a ƙananan rukuni na mutum uku zuwa biyar da suka yarda da juna, ana ba su iri da taki maimakon tsabar kuɗi, ana bibiyar gonar, sannan hatsin yana bi ta hannun kamfanin wajen ajiya da sayarwa, don haka bashin yana fita kafin kuɗi ya shiga aljihu. Ka kira abinka ciniki tun ranar farko, ka ba da rasit, ka ware asusun kasuwanci daga naka, ka yanka wa kanka albashi ko ƙanƙane ne. Wanda yake aiki kyauta yana ɓoye wa kansa ainihin tsadar kayansa.

Rajista ba ta gaggawa ba ce sai an fara sayarwa. Najeriya ba ta da wani nau'in kamfani na musamman don irin wannan kasuwanci kamar yadda Birtaniya take da shi tun 2005, don haka zaɓi ake yi a cikin abin da dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Sunan kasuwanci ya fi sauƙi, amma bashin kasuwancin bashinka ne har gida. Kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda yanzu mutum ɗaya ma yana iya kafawa, shi ne mai karɓar masu zuba jari. Rajistar amintattu, irin ta ƙungiyoyi, tana jan tallafi amma ba a raba riba, kuma ɗalibai da yawa suna ruga mata sai daga baya su gane ba mai zuba kuɗi a inda ba zai ɗauki komai ba. Idan manoman ko matan ne za su mallaki abin, ƙungiyar gama-kai ta fi dacewa, ita kuma a jiha ake mata rajista. Abinci a ƙulle da tambari yana bukatar lambar NAFDAC kafin manyan kantuna su karɓa, kuma jami'ansu za su zo su ga wurin aiki, saboda haka a sa kuɗin gyaran ɗaki da ruwa da ragar taga a lissafi.

Kundin kammala digiri shi ne wurin haɗa duk wannan. Maimakon a ɗauko tsohon batun da aka yi sau ɗari a raba wa abokai takardar tambayoyi, a nemi amincewar malami mai duba aiki tun shekara ta uku a rubuta a kan gwajin da aka yi da hannu, da rasit da asara da komai. A lokacin jimlar nan ta farko za ta iya komawa kamar haka: "Kafin in gama, zan busar da kwando 20 a kaka ɗaya, in sayar wa kanti biyar da makarantar kwana ɗaya, in san abin da kowane ƙulli ya ci, in kuma san nawa mata huɗu masu yanka suka samu idan aka kwatanta da makwabtansu." Kwando 20 ɗin ma kada a sayi rumfa dominsu, a ari ta wani ko a haɗa ƙarama da katako da leda. A ware ƙulli goma a rubuta musu kwanan wata, a riƙa buɗe ɗaya duk mako biyu daga farkon Yuni, a duba launi, a shinshina, a rubuta ranar da ya fara laushi.